Allurar Milad, Takardar Zaglul

Duk wanda ya zauna a layinmu na Jabal Husaini a birnin Amman ya san Milad, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne maigadin benen nan mai hawa huɗu na kusa da gidan burodi, wanda bishiyar lemun tsami ta leƙo ta kan katangarsa. Mutumin Masar ne, daga wani ƙauye na yankin Minya. Dogo ne mai kaurin gira, da ɗan tarin da ba ya rabuwa da shi tun zamanin da yake dakon siminti. Shekara goma sha tara ya yi a ɗakin ƙarƙashin matakalar benen, ɗakin da in ya miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa.

Sunan aikin dai gadi, amma gadin shi ne ƙarami a ciki. Shi ke wanke motoci da sassafe, shi ke hawa da tukunyar gas a kafaɗa, shi ke sayo burodi da zafinsa ya rataye wa kowa a ƙofa. Babban aikinsa kuwa ranar Talata ne, ranar ruwanmu, don sau ɗaya famfo ke kawowa a mako. Milad kan kara kunne a jikin bututu ya ce saura kaɗan, kuma ba a daɗewa sai ka ji ruwa na gurnani a ƙasa. Daga nan sai ya kunna injin turawa, ya hau rufin bene ya bi tankuna ɗaya bayan ɗaya har su cika. A shekarun nan duka ba a taɓa jin wani gida a benen ya kai Litinin tankinsa a bushe ba.

Sai kuma Hajja Umm Nidal ta hawa na uku, tsohuwar da gwiwoyinta suka ƙi ta, ga benen ba shi da lifta. Kullum bayan la'asar Milad kan hau ya sauko da ita a kan kujerar roba, ya rungumo kujerar da ita gaba ɗaya, ya ajiye ta gindin lemun ta sha iska. Tun daga sama har ƙasa faɗa take masa, wai yana jijjiga ta kamar buhun albasa. Ranar da ta yi girki kuwa, farantinsa ake fara zubawa.

Abu ɗaya ne Milad bai taɓa gaya wa mutanen benen ba. Takardar izinin aikinsa ta mutu shekara huɗu ke nan. Dama ta noma ce, wani mai gonar tumatir a can kwari ne ya tsaya masa. Da mutumin ya rasu 'ya'yansa suka sayar da gonar, ba a sake samun mai sa masa hannu ba. Shugaban masu gidajen benen, Abu Haisam, ya taɓa duba takardar sau ɗaya tun tana da rai, bai sake tambaya ba. Shi kuwa tsohon ma'aikacin gwamnati ne mai ritaya, mutum mai bin doka kamar jirgi a kan dogo, kullum makullan mota na ƙara a hannunsa.

Saboda haka Milad ya san farar bas ta masu binciken takardun baƙi fiye da yadda ya san fuskar surukinsa. Da ta shigo unguwa, masu gadi kan buga wa juna waya su ce an yi baƙi. Shi sai ya haye rufi ya lafe tsakanin tankuna har ta wuce. Ya san duk wanda aka kama, jirgin ruwa ake saka shi zuwa gida, kuma ba dawowa. Ɗakin nan na ƙarƙashin matakala kuwa shi ke riƙe da ɗansa Mina da ƙannen yaron mata biyu a makaranta. Dabararsa ɗaya ce, kuma ta yi masa aiki shekara huɗu: kada sunansa ya shiga kowane littafi na hukuma.

Ana nan sai annobar korona ta sauka. Kun tuna jiniyar nan da ake busawa ta hana fita, yadda karnuka ma kan yi tsit in ta gama? Layinmu ya koma kamar an share shi. Motar asibiti ta zo benen da ke kallonmu sau uku a wata guda, kuma sau ɗaya kawai ta dawo da wanda ta ɗauka. Daga ƙauye aka bugo wa Milad cewa wansa ya kwanta ran Alhamis, ran Lahadi an binne shi. Tun ranar, in ya rungumo kujerar Hajja sai ya kau da kai gefe ya riƙe numfashi, daga hawa na uku har ƙasa. Tsoronsa biyu ne: ƙirjinsa da siminti ya riga ya ci, da tsohuwar nan da fuskarta ke dab da tasa kullum.

Da allurar rigakafi ta zo aka ce kyauta ce ga kowa, ɗan ƙasa da baƙo. Sai dai ka rubuta sunanka da lambar fasfo a waya, a turo maka saƙon rana da wuri. Milad ya ji an ce ba a tambayar takardar aiki. Ya yi murmushi kawai. Shi da ya shekara huɗu yana ɓuya tsakanin tankuna, a ce ya kai sunansa da hannunsa, har da lambar waya? Masu gadi ma sun yi ta faɗa cewa tarko ne, farar bas na jira a bayan wurin. Ba wanda ya gani da idonsa, amma kowa yana da wanda ya ba shi labari.

Maigadin benen da ke manne da nasu sunansa Zaglul, ɗan ƙauyensu ne, gonakin iyayensu ma iyaka ɗaya. Zaglul Musulmi ne, Milad Kirista, kuma tun suna yara suke tsokanar juna a kan haka ba wanda ya taɓa fushi. Zaglul na kiransa Mukaddis, wato alhajin Kiristoci, alhali Milad bai taɓa taka Ƙudus ba. Shi kuma yana kiran Zaglul Shehi, alhali rabin sallolinsa ramuwa ne. Takardun Zaglul lafiyarsu ƙalau. Damuwarsa daban ce: ya yi aure a makare, shekara takwas matarsa na ƙauye ba haihuwa, kuma wani ya turo masa murya a waya cewa allurar nan tana kashe zuriya. Ga shi masu benensa sun ce ko ya kawo shaidar allura ko ya nemi wani wurin.

Wata la'asar suna zaune a kan bokitan fenti da suka kife tsakanin benayen biyu, suna shan baƙin shayin nan nasu mai kama da kwalta, sai Zaglul ya ajiye kofi.

“Mukaddis, kai kana son allura kana tsoron takarda. Ni ina son takarda ina tsoron allura. To don me Allah ya fito da mu gari ɗaya?”

Kada ku yi mamaki. A wurin mutanensu takarda kamar tsani ce, wanda ke da ita yakan ara wa maƙwabci. Da fasfon wani ake sayen layin waya, da na wani ake kama ɗaki, da na wani ake aika kaya gida. Ba mai kiran wannan ƙarya, zumunci suke ce masa. Shi kansa layin da ke wayar Milad da sunan wani ne da ya koma Masar tun tuni.

Milad ya juya hannun damansa ya nuna cikin wuyan hannun. Akwai ɗan gicciye shuɗi a wurin, wanda aka zana masa da allura yana ɗan shekara biyar, ranar bikin gidan sufayen Kirista, kamar yadda ake yi wa 'ya'yansu.

“Shehi, sunanka Zaglul Muhammadain Abdurrahim. In shiga da wannan suna, da wannan a hannuna?”

“A damtse ake yi, ba a wuyan hannu ba. Ka naɗa bandeji ka ce tukunyar gas ce ta murɗe ka. Ka miƙa musu hagu.”

“Hoton fasfo fa?”

“Da takunkumi wa ke ganin wani? Gira ce da gira. Hajjarka ma da ta san mu shekara goma, jiya da sunanka ta kira ni ta zage ni.”

Milad ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya kwana biyu yana juya maganar, ya ga ba ta da ƙofar ɓaraka. Kowa zai sami abin da yake so, sunansa kuma na nan a ɓoye.

Saƙo ya zo wayar Zaglul a farkon bazara. Wani babban zauren wasanni aka mayar wurin allura. Milad ya isa da hantsi, fasfon Zaglul a aljihun gaba, bandeji a hannu. Abin da ya fara gani a bakin wurin farar bas ce, labulenta a sauke, ba kowa a kujerar direba. Ya tsaya gindin wani turken lantarki yana kallonta har wajen rabin awa, ba ta motsa ba, ba wanda ya fito. Daga ƙarshe ya bi bayan wasu mata ya shige, yana jin bas ɗin a ƙeyarsa.

A ciki aka kira Zaglul Muhammadain sau biyu kafin ya tuna shi ne. Wadda za ta yi masa allurar mace ce mai ɗan shekaru, tabarau rataye da sarƙa, idanu kawai ake gani. Ta dubi fasfo, ta dubi girarsa, ta ce ya naɗe hannun riga.

To a nan ne jiki ya ci amanarsa. Milad, tun tasowarsa, in zai hau tsani ko zai ɗaga kaya mai nauyi, hannunsa na dama kan tafi da kansa ya taɓa goshi, ya taɓa ƙirji, ya taɓa kafaɗu, alamar gicciye irin ta Kiristoci. Bai ma san yana yi ba. Da ya ga tsinin allura, sai hannun mai bandeji ya tashi. Ya taɓa goshi, ya sauko ƙirji, yana kan hanyar kafaɗa sannan Milad ya farga, ya mayar da abin susa. Ya yi ta susar ƙirji kamar mai ƙaiƙayi.

Matar ta tsaya da allura a sama. Ta sake duban sunan da ke gabanta, ta dubi bandejin. Milad ya ji zauren ya yi masa nisa, ya fara lissafin taku nawa ne zuwa ƙofa.

“Sassauta hannunka, Kawu Zaglul,” in ji ta. Ta soka, ta danna auduga, ta kira na gaba.

Da ya fito bas ɗin na nan yadda ya bar ta. Bai waiwaya ba har ya sha kwana.

Bayan mako uku ya koma karɓar ta biyu, yana addu'ar a ba shi wata. Ita ɗin ce dai. Wannan karon ya zauna a kan hannunsa na dama don kada ya sake tashi. Ta lura da hakan, ta kuma lura da bandejin.

“Targaɗen nan bai warke ba har yanzu, Kawu?”

Ya ce tsufa ne, ƙashi ba ya saurin haɗewa. Ta yi masa allurar, sannan tana rubutu, ba tare da ta ɗago ba, ta ce in akwai wani a gida da bai yi ba ya turo shi, su a nan ba sa tambayar kowa takardar aiki. Milad ya yi godiya ya fita. A ransa ya ce haka mai tarko ke cewa tsuntsu.

Bazara ta wuce lafiya. Milad ya daina riƙe numfashi a matakala. Zaglul ya nuna wa masu benensa shaidar allura biyu a waya, suka ce madalla. Ya koma shiga kasuwa, da gidan shayi, da cunkoson Juma'a, takunkumi a haɓa. In Milad ya yi masa magana sai ya buga aljihun da wayar take ya ce shi fa mai allura biyu ne, gwamnati ma ta shaida. Tun yana faɗa da wasa har Milad ya fara zargin mutumin ya yarda da abin da wayar ke cewa.

Da sanyi ya fara shigowa cutar ta sake tasowa, motar asibiti ta dawo layinmu. Sai kuma aka ji a labarai cewa daga tsakiyar Disamba duk baƙon ma'aikacin da bai yi allura ba za a mayar da shi ƙasarsu. Washegari Abu Haisam ya tsaya a bakin ɗakin ƙarƙashin matakala yana kaɗa makullai, ya kira shi da sunan ɗansa ya ce, Abu Mina, ina son ganin shaidarka kafin lokacin. Milad ya ce ya rubuta suna, saƙo ne bai zo ba. Bayan kwana uku ya sake tambaya, Milad ya sake cewa saƙo bai zo ba. Ga allura biyu a jikinsa, ba shi da abin nunawa. In bai kai sunansa ba a kore shi, in ya kai a gano shi. Gaba kura, baya siyaki. Abinci ya daina shiga masa, har Hajja ta ce ko dai girkinta ne ya lalace.

Ran wata Talata ruwa ya zo da hantsi. Milad ya kunna injinsa ya hau rufi. Yana tsakiyar tankuna sai ya ji wani abu bai yi daidai ba, ya tsaya ya saurara. Injin benen su Zaglul shiru. Shekara goma injinan nan biyu tare suke tashi, har gasa suke wa zai riga cikawa. Ya leƙa rufin maƙwabta, ba kowa, sai murfin tanki ɗaya da iska ke bugawa. Sannan ya tuna rabonsa da ganin Zaglul a kan bokitin fenti tun ran Asabar.

Ya same shi kwance a ɗaki, bargo biyu a kansa, ɓawon lemun tsami da citta zube a ƙasa. Kwana huɗu ke nan yana zazzaɓi yana ɓoyewa. Leɓɓansa sun yi duhu, numfashinsa gajere-gajere kamar na wanda ya hau bene da gas biyu. Da ya ga Milad sai ya yi ƙoƙarin murmushi, ya ce mura ce, Mukaddis, je ka kunna mini inji.

Ba motar haya da za ta ɗauki mai irin wannan tari. Milad ya hau ya buga ƙofar Abu Haisam. Mutumin bai yi musu ba, ya saka takunkumi biyu, ya sauke gilasan mota duka, suka kwantar da Zaglul a baya.

Asibitin ya cika har baranda. Wani matashin likita ne a bakin ƙofa yana tace masu shiga, idanunsa jajur don gajiya. Ya maƙala wa Zaglul abin awo a yatsa, ya ɓata fuska kaɗan, ya tambayi shekarunsa, ya tambaya ko ya yi allura. Zaglul ya miƙa waya. Likitan ya duba ya ce alhamdu lillahi, biyu ce. Ya ce awon nasa a kan iyaka yake, gado kuma ya yi ƙaranci, suna ajiye wa waɗanda ba su yi allura ba don su ne ke rikicewa farat ɗaya. Tunda shi ya yi, kuma bai kai hamsin ba, su koma gida da magani, in abin ya ƙaru su dawo. Har ya juya wajen na gaba.

Milad ya ji yatsun Zaglul sun damƙe masa hannun riga. Ya dube shi. Zaglul ya girgiza kai a hankali, wato ka yi shiru. A bayansu makullan Abu Haisam na ta ƙara. Milad ya tuna wansa, ran Alhamis ya kwanta, ran Lahadi an binne. Ya tuna Mina da ya rage masa shekara ɗaya ya gama makaranta.

“Likita, bai yi allura ba. Ko ɗaya.”

Likitan ya waiwayo ya ce ga shaida a waya, Kawu.

“Ni na karɓa. Duka biyun a hannuna suke. Da fasfonsa na je.”

“Kai kuma me ya hana ka zuwa da naka? Kyauta ce fa.”

Likitan bai yarda ba tukuna, kuma Milad ya ga in bai ba shi dalili ba zai ɗauka dabarar neman gado ce.

“Takardar aikina ta mutu shekara huɗu. Tsoro na ji.”

Makullan da ke bayansa suka yi shiru.

Likitan ya dube su su biyun, ya ja dogon numfashi, ya ce Allah ya shirye ku. Ya sake duba awon yatsan, ya ƙwala wa wani kira a kawo keken marasa lafiya. Ana tura Zaglul ciki yana ɗaga hannu yana son yin magana, tari ya hana shi.

A hanyar dawowa Abu Haisam ya kafa ido a kan titi. Milad na zaune a baya inda Zaglul ya kwanta, yana kallon ƙeyar mutumin. Da suka isa ya sauka ya kunna injin benen su Zaglul, ya hau ya cika musu tankuna kafin ruwa ya ɗauke.

Kwana biyu Abu Haisam na wuce shi ba magana, Milad kuma duk motar da ta tsaya a layi sai gabansa ya faɗi. A na uku Abu Haisam ya kira shi gindin lemun. Ya ce shi ba zai kai ƙarar kowa ba, ba halinsa ba ne, kuma abin da Milad ya yi a asibiti ɗan halak ne kaɗai zai yi. Amma shi bai taɓa kwana da abin da ya saɓa doka a ƙarƙashin rufinsa da saninsa ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Da bai ji ba, da shi ke nan. Yanzu ya ji. Ya ba shi zuwa ƙarshen Janairu, ya ce shi da kansa zai bi masa takardun fita don ya tafi da mutuncinsa, ba a bayan farar bas ba. Hajja Umm Nidal da ta ji, ta leƙo ta taga ta wanke Abu Haisam tas, layi duka na ji. Ta ce ita za ta tsaya masa. Aka bincika, aka ce mata abin ya wuce nan.

Ko tafiyar ma sai da shaidar allura. Don haka Milad ya ɗauki wayarsa ya rubuta sunansa na gaskiya, Milad Bakhit Ayyad, da lambar fasfonsa. Ya daɗe yana kallon rubutun kafin ya tura. Saƙo ya zo, zauren nan dai. Farar bas na nan a bakin ƙofa, tayarta ɗaya ta sace, ƙura ta rufe gilashinta. Ya tambayi mai sayar da shayi a wurin, ya ce ai ta 'yan wasa ce, tun farkon annoba take nan a mace.

Ya bi layin matar mai tabarau da gangan. Ta karɓi fasfo ta karanta sunan, ta dubi girarsa, ta dubi wuyan hannunsa da ba bandeji.

“Targaɗe ya warke, Kawu Milad.”

“Ya warke, 'yata.”

Ta tambayi lafiyar mai wancan sunan. Ya ce yana asibiti, an saka masa iska, amma jiya ya sha romo. Ta tambayi watannin da suka wuce tun waccan allurar, ta je ta yi magana da wani likita ta dawo. Ta ce ya naɗe hannun riga. Milad ya ɗaga hannun dama ya taɓa goshi, da ƙirji, da kafaɗu biyu, a natse, ita kuma ta jira har ya gama. Ba ta tambaye shi takardar aiki ba, kamar yadda ta faɗa tun farko.

Kwana goma sha shida Zaglul ya yi a asibiti. Ya fito rigarsa na yawo a jikinsa. Da ya sami ƙarfi Milad ya ja shi zauren, aka yi masa wadda littafi ya kira ta uku, jikinsa kuma ya san ta fari ce. Ya runtse ido yana salati tun kafin a buɗe allurar, Milad na gefe yana ce masa, haba Shehi, kai da ka yi biyu.

Ran ƙarshen Janairu Milad ya sauko da Hajja gindin lemun duk da sanyi, ya mayar da ita, ya rataye makullin rufi a ƙusa. A tashar jirgin ruwa ta Akaba aka nemi shaidar allura, ya miƙa. Jami'in ya karanta sunan da ƙarfi, Milad ya amsa tun a kiran farko.

Yanzu Zaglul ke riƙe da benayen biyu. Sai dai ƙirjin bai koma daidai ba, a kowane hawa sai ya tsaya ya dafa bango. Ya gwada ɗaukar kujerar Hajja sau ɗaya, suka tsaya a hawa na biyu shi da ita suna haki, tun daga ranar ta taga take kallon lemun. Mina ya bar karatu ya kama aiki a wani shagon gyaran waya a Minya. Milad na noman ɗan abin da wansa ya bari.

Duk ran Talata da hantsi wayar Zaglul kan yi ƙara. Milad ne, yana tambaya ko ruwa ya zo, yana cewa a fara da tankin Hajja don bututunta ne mai wuyar hawa. Zaglul kan ce ya sani, Mukaddis, ya sani. Sai Milad ya ce kada ya kashe wayar, ya saka ta a aljihu ya hau. Haka zai zauna a bakin gona da waya a kunne, yana jin takun Zaglul da numfashinsa hawa bayan hawa, ba ya ajiyewa sai ya ji ƙarar murfin tanki.